Daga daren Laraba zuwa Azahar ta Asabar: bitar wani kamfanin jana'izar Musulmi a gabashin Landan

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a ɗakin baƙi na gidana da ke gabashin Landan a daren wata Laraba cikin watan Nuwamban bara, makonni kaɗan bayan saukarsa daga Zariya, inda ya zo ganin jikokinsa da niyyar komawa kafin sanyi ya tsananta. Mun binne shi ranar Asabar bayan sallar Azahar, cikin likkafani, babu akwati, fuskarsa tana kallon alƙibla. A gida wannan jinkiri ne mai yawa, domin da a Zariya ya cika da daddare, kafin hantsi ya dubi ludayi an kai shi makwancinsa. A Ingila kuwa, ga baƙon da ya mutu farat ɗaya ba tare da wani likitan ƙasar ya taɓa duba shi ba, wannan sauri ne ƙwarai, kuma ba dabararmu ce ta kawo shi ba. Wani ƙaramin kamfanin jana'iza na Musulmi ne ya ɗauki nauyin aikin tun daga kiran waya na farko har zuwa tayar da ƙasar kabari, kuma aikinsa nake so in auna a nan. Na bar sunansa domin akwai wuraren da zan yi ƙorafi, kuma ba na so ƙorafin mai baƙin ciki ya taɓa abincin mutanen da suka tsaya mini a ranar da ba ni da kowa.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Na yi shekaru a wannan birni, amma sai a daren nan na san cewa ban san komai ba game da yadda ake mutuwa a cikinsa. Da muka kira motar asibiti, ma'aikatanta suka tabbatar da rai ya yi halinsa, sai ga 'yan sanda biyu sun iso, suka yi tambayoyinsu cikin ladabi, sannan suka shaida mini cewa gawar ba ta hannuna. Doka ta ce duk mutuwar da ba a san musabbabinta ba, ko wadda babu likitan da zai iya sa hannu a kanta, tana komawa ga alƙalin binciken mutuwa na yankin, kuma shi kaɗai ne zai ce a saki gawa. Wannan alƙali yana da ikon ba da umarnin a feɗe gawa domin gano abin da ya kashe mutum, ba ya kuma buƙatar yardar iyali. Aka ɗauki Kawu zuwa ɗakin ajiye gawa na hukuma, aka bar ni da wata takarda mai lambar waya wadda ba za a amsa ta ba sai ƙarfe tara na safe.

Limamin masallacin unguwarmu ne ya ba ni lambar kamfanin. Na kira wajen ƙarfe biyu na dare ina tsammanin saƙo kawai zan bari, sai wani dattijo ya ɗauka, ya yi mini ta'aziyya, ya bar ni na gama maganata ba tare da ya katse ni ba. Daga nan ya ce: "Ɗan'uwa, kada ka jira gari ya waye. Ka kira gida yanzu, su ɗauki hoton katin asibitinsa da duk takardar da likita ya taɓa rubuta masa, kai kuma ka tattara kwalayen magungunan da ya zo da su." Na ce masa: "Alhaji, za su feɗe shi ke nan?" Ya amsa da cewa ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba, amma akwai hanyar da doka ta buɗe, kuma zai bi ta tun kafin ofishin ya buɗe ƙofa. Wannan amsar ce farkon abin da ya sa na amince da shi, domin a irin wannan lokaci ba abin da ya fi sauƙi kamar a kwantar wa mutum hankali da ƙarya.

Kafin ƙarfe tara na safiyar Alhamis ya riga ya aika wasiƙa zuwa ofishin alƙalin, ya kuma turo mini kwafinta. Ba ta wuce shafi guda ba. Ta bayyana cewa mamacin Musulmi ne, addininsa ya wajabta gaggauta binnewa, iyalinsa ba su yarda a yanka jikinsa ba matuƙar akwai wata hanya, suna roƙon a fara da ɗaukar hoton cikin jikinsa da na'urar sikanin, kuma a shirye suke su biya kuɗin hakan. Ya haɗa ta da takardun da aka turo daga Zariya masu nuna Kawu ya daɗe yana fama da hawan jini. A ƙarshenta ya ambaci wasu hukunce-hukuncen kotu guda biyu. A lokacin ban san darajarsu ba, amma bayan an share makoki na nemo su na karanta, kuma a kansu nake so in ɗan daɗe, domin su ne ginshiƙin da dukan wannan sana'a take tsaye a kai.

Hukuncin farko na shekarar 2015 ne, lokacin da wani iyalin Yahudawa a arewacin Landan suka kai ƙara Babbar Kotu domin a hana feɗe gawar mahaifiyarsu. Kotun ta ce idan iyali suna da ingantaccen dalili na addini, kuma akwai yiwuwar na'ura ta gano musabbabin mutuwa ba tare da wuƙa ba, ya kamata a fara gwada na'urar. Na biyu ya fi shi girma. A watan Oktoban 2017, Mary Hassell, babbar alƙaliyar binciken mutuwa mai kula da yankunan Camden da Hackney da Islington da Tower Hamlets, ta kafa ƙa'idar cewa ba za a gabatar da wata gawa a kan wata ba saboda addinin mamaci ko na iyalinsa, kowa zai bi layi. Hujjarta ita ce adalci tsakanin iyalai, tun da kowa baƙin ciki yake yi kuma ma'aikata ba su da yawa. Ƙungiyar binne matattu ta Yahudawa mai suna Adath Yisroel ta ƙalubalanci ƙa'idar, Musulmin yankin suka mara wa ƙungiyar baya, kuma a ranar 27 ga Afrilun 2018 alƙalai biyu, Rabinder Singh da Philippa Whipple, suka soke ƙa'idar, suka ce ta saɓa wa doka, ba ta da ma'ana, kuma tana nuna wariya. Sun kafa hujja da sashe na 9 na Yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan'adam, wanda ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa a aikace, da kuma dokar daidaito ta shekarar 2010.

Abin da ya fi kama ni a cikin hukuncin shi ne yadda alƙalan suka fahimci ma'anar daidaito. Wanda zai ƙone gawar mahaifinsa bayan mako biyu a wani biki da aka tsara, da wanda addininsa ya ce kada gawa ta kwana, idan aka sa su a layi ɗaya ba a yi musu daidai ba, domin jinkirin kwana uku bai cuci na farko da komai ba, alhali na biyu an hana shi sauke farali. Kuma kotun ba ta ce a riƙa gabatar da Musulmi da Bayahude kai tsaye ba. Abin da ta ce shi ne ba a yarda jami'i ya toshe kunnensa tun farko ba, dole ya saurari dalilin kowane iyali, na addini ne ko wanda ba na addini ba, ya auna shi. Bayan hukuncin, babban alƙalin binciken mutuwa na Ingila da Wales ya fitar da jagora ga dukan ofisoshi a kan wannan hanya.

Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin 100 na jama'a, Yahudawa kuma kimanin 271,000, wato rabin kashi ɗaya. Ƙaramar al'ummar ce ta je kotu sau biyu, ta kashe kuɗinta, ta buɗe ƙofar da gawar wani dattijo daga Zariya ta bi ta fita. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma su sun riga mu zama marasa rinjaye a wannan ƙasa da ɗaruruwan shekaru, sun koyi yadda ake rubuta ƙorafi da yadda ake bin sa har gaban alƙali. Dattijon kamfanin bai ɓoye wannan ba, ya ce yawancin abin da ya iya game da mu'amala da ofishin alƙalin, daga masu binne matattu na Yahudawa aka koyo shi. Na tuna da hadisin da aka wuce da gawar wani Bayahude ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wane ce ya ce ashe ba rai ba ce. Na sha jin hadisin a majalisin karatu, amma sai a wannan makon ya zauna mini a zuciya.

Ofishin alƙalin ya amince da yammacin Alhamis. Ranar Juma'a da safe kamfanin ya ɗauki Kawu zuwa inda na'urar take, hoton ya nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, likitan binciken gawa ya gamsu, alƙalin ya rufe binciken ba tare da an taɓa jikinsa da wuƙa ba. Ya kamata duk mai karanta wannan ya san cewa ba kullum ake dacewa haka ba. Akwai cututtukan da na'ura ba ta nuna su sosai, kuma idan hoton bai ba da amsa ba za a feɗe gawar duk da haka, kuɗin da aka biya kuma ya tafi. Dattijon ya gaya mini wannan tun kafin in biya, ya maimaita shi sau biyu, na kuma ɗauki hakan a matsayin gaskiyar sana'a.

A nan ne ƙorafina na farko yake. Daga ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Juma'a har bayan La'asar ba wanda ya ɗauki wayata a kamfanin, ba wanda ya amsa saƙo. Daga baya na gane cewa suna da jana'iza huɗu a ranar, kuma duka ma'aikatansu ba su kai yatsun hannu biyu ba. Uzuri ne na gaskiya, amma a waɗannan sa'o'in mahaifiyata tana kira daga Zariya kusan kowane rabin sa'a tana cewa: "Ɗan nan, sun yanka mini shi ko?" ni kuma ba ni da abin da zan ce mata sai "Inna, ki yi haƙuri, ana kai." Saƙon layi biyu ya isa ya raba ta da wannan azaba. Kamfanin da ya iya ɗaukar waya ƙarfe biyu na dare bai kamata ya gaza ajiye mutum ɗaya a kan tebur ranar Juma'a ba.

Kafin nan mun sha muhawara a cikin dangi game da mayar da shi gida. Wasu daga cikin 'ya'yansa sun so a kawo shi Zariya a binne shi kusa da iyayensa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Kamfanin yana yin wannan aikin ma, kuma ya fi samun riba a cikinsa, amma dattijon ya zayyana mana abin da ke ciki ba tare da ya tura mu ko'ina ba: sai an sanar da alƙalin an karɓi izinin fitar da gawa daga Ingila, wanda a ƙa'ida yakan ɗauki kwana huɗu sai dai idan an rage, sai an yi wa gawar allurar hana ruɓewa, a rufe ta cikin akwati na musamman, a haɗa takardun ofishin jakadanci, sannan a sami gurbi a jirgi. Ko tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025 kuma gwamnati ta tura masa jirgi, sai ranar 15 aka binne shi a Daura. Talaka mai jiran jirgin fasinja yana iya cinye mako guda ko fiye. Babban ɗan Kawu ne ya yanke magana, ya tunatar da ƙannensa cewa an umarci a mayar da shahidan Uhudu a binne su inda suka faɗi, ya ce ƙasar Allah ɗaya ce.

Saura takardar izinin binnewa, wadda ake kira koriyar takarda saboda launinta, kuma ba maƙabartar da za ta karɓi gawa ba tare da izini irin wannan ba. Ofisoshin rajista ba sa cikakken aiki a ƙarshen mako, amma da yawa daga cikin ƙananan hukumomin Landan suna ajiye magatakarda na gaggawa a safiyar Asabar da Lahadi musamman saboda masu binnewa bisa addini. Wannan tanadi ne da ba ya cikin kowace yarjejeniyar duniya, ga shi kuma shi ne bambanci tsakanin binnewa ranar Asabar da jira har Litinin ko Talata. Kamfanin ya san lambar, ya san sa'o'in, ya sa aka kira ni da ƙarfe tara da rabi, kafin goma da rabi takardar ta isa hannunsu.

Ɗakin wankan gawarsu ƙarami ne, amma tsaf yake, da ruwan ɗumi da teburin ƙarfe da safar hannu da ƙyallen rufe al'aura. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sun fara da tambaya. Yawancin Musulmin gabashin Landan 'yan asalin Bangaladash ne da Fakistan, mabiya mazhabar Hanafiyya, kuma na zaci za a yi mana yadda aka saba ne kawai. Sai ma'aikacin ya ce wace mazhaba muke bi, kuma mayafi nawa muke so. Da na ce mu Malikawa ne, sai ya fito da yadi ya yanka guda biyar, riga da rawani da zane da mayafai biyu, maimakon ukun da suka saba yi wa namiji. Suna da garin magarya da kafur. Ni da wasu 'yan'uwa biyu muka yi wankan da hannunmu, shi yana tsaye yana nuna mana yadda za mu juya gawar da ta kwana uku a cikin sanyi ba tare da mun wahalar da ita ba, bai kuma gaggauta mu ba ko da yake wani iyali suna jira a waje. Na tambaye shi ko suna karɓar gawar kowane Musulmi, ya ce sun suturta 'yan Shi'a da 'yan ɗariƙa da 'yan Somaliya da Turawan da suka musulunta, abin da suke tambaya kawai shi ne yadda iyali suke so a yi. Wannan ya yi mini daidai, domin al'ummar da take roƙon hukuma ta dubi bambancinta ba ta da hujjar take bambancin da ke cikinta.

Ga mata kuwa akwai giɓi. Ba su da ma'aikaciya ta dindindin, sai masu sa kai da ake kira idan buƙata ta taso, kuma ya amsa mini cewa wani lokaci gawar mace takan jira sa'o'i kafin a haɗa masu wanka. Duk wanda mamaciyarsa mace ce ya tambayi wannan tun kiran farko, ya kuma shirya matan danginsa.

An yi sallar a masallaci bayan Azahar, gawa uku a jere, limamin ya yi kabbara huɗu ya yi sallama biyu irin ta Hanafawa, mu da muka saba da ɗaya muka bi shi, ba kuma wanda ya ga wani abu a ciki. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Zariya ba suka cika sahu, wasu har suka bi mu maƙabarta a cikin yayyafi.

Batun kabari ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne tsadar take, a nan kuma matsalar gobe take. A Birtaniya kusan gawa takwas cikin goma ƙone su ake yi, saboda haka mai neman ƙasa ya zama bare a cikin al'adar mafi rinjaye. Babu dokar da ta wajabta akwati a Ingila, amma kowace maƙabarta tana da ƙa'idarta, kuma ba duka ne suke yarda da likkafani kaɗai ba. A Jamus ma sai a hankali jihohi suka riƙa sassauta wajabcin akwati, jihar Bavariya ba ta yi ba sai a shekarar 2021. Musulmin Ingila sun daɗe suna wannan nema. Tun a shekarar 1884 aka ware musu fili a maƙabartar Brookwood kusa da Woking, garin da aka gina masallacin Shah Jahan a 1889, kuma a can aka binne Abdullah Quilliam da Marmaduke Pickthall da Abdullah Yusuf Ali. A shekarar 2002 aka buɗe Gardens of Peace a Hainault, maƙabarta ta Musulmi zalla da wata ƙungiyar agaji take gudanarwa, kuma buƙata ta sa ta buɗe wasu filaye bayan na farko. A maƙabartun ƙananan hukumomi kabari ba mallaka ba ne har abada, haƙƙi ne na wasu shekaru da ba su wuce 100 ba, kuma dokar 2007 ta ba hukumomin Landan damar sake amfani da kaburburan da suka haura shekara 75. Wanda ba mazaunin yankin ba ne, kamar Kawu, yakan biya ninki biyu ko uku. Kamfanin ya ajiye mana zaɓi uku da farashinsu da tsawon wa'adinsu, ya nuna mana wanda ya yarda da likkafani, muka zaɓe shi.

Ƙasar Landan taɓo ce mai riƙe ruwa, ba ta tsayawa kamar jar ƙasar gida, don haka ba a haƙa uwa da 'ya yadda muka saba, ba kuma fasassun tukwane ko itace. An tokare bangon ramin, muka sauke shi a kan gefensa na dama yana fuskantar kudu maso gabas, inda alƙiblar Landan take, muka kwance ƙullin likkafanin, aka jingina katakai a kansa yadda ƙasa ba za ta taɓa shi ba. Wata ƙaramar katafila tana tsaye a gefe. Ma'aikacin kamfanin ya je ya yi magana da direbanta, aka ba mu shebur huɗu, muka rufe kabarin da hannunmu har ya tashi kamar taƙi ɗaya. Ban roƙi wannan ba, shi ya lura da fuskokinmu.

Ƙorafina na biyu kuɗi ne. Tun shekarar 2021 hukumar kula da gasa a kasuwanni ta wajabta wa kowane kamfanin jana'iza ya kafa jerin farashinsa a fili, kuma nasu yana manne a taga. Sai dai takardar kuɗin da ta zo bayan mako guda tana ɗauke da abubuwa biyu da ba a ambata mini ba: kuɗin kai gawa wurin na'ura da dawo da ita, da ƙarin da maƙabarta take caja ranar Asabar. Ba zalunci ba ne, aikin an yi shi, kuma da na yi magana sun ba ni damar biya kashi uku ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Amma mai makoki ba ya lissafi, don haka nauyi ne a kan mai sana'a ya rubuta komai tun ranar farko. Jimillar ta kai fam dubbai, kuma tallafin jana'iza na gwamnati ba kowa ne yake cancantarsa ba. Al'ummar Fakistan sun daɗe da kafa asusun mutuwa, kowane gida yana zuba kaɗan a shekara kamar adashi, idan an yi rashi asusun ya biya. Mu Hausawan Landan sai an yi mutuwa muke fara yawo da ƙoƙon bara a WhatsApp, kuma lokaci ya yi da za mu kafa namu.

Duk wannan tanadi yana iya rushewa cikin mako guda idan tsoro ya shigo. A watan Maris na 2020, daftarin dokar gaggawa ta annobar korona ya zo da sashen da zai ba ƙananan hukumomi damar ƙone gawa ko da iyali ba su so, sai da 'yar majalisa Naz Shah mai wakiltar Bradford ta Yamma ta tashi tsaye, ƙungiyoyin Musulmi da na Yahudawa suka goya mata baya, gwamnati ta gyara sashen ya wajabta la'akari da addinin mamaci. A Siri Lanka, inda Musulmi suke kusan kashi 10 cikin 100, ba a sami mai tare ƙofar ba. Gwamnati ta wajabta ƙone duk wanda annobar ta kashe daga Afrilun 2020 har zuwa Fabrairun 2021, duk da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa ba ta da haɗari, aka ƙone har da jariri ɗan kwana 20, kuma sai a watan Yulin 2024 gwamnati ta nemi gafara. Dattijon kamfanin ya yi aiki a Landan a cikin watannin annobar, ya ce a kullum yana fita ne da fargabar ranar da za a ce masa ya kai gawar Musulmi gidan wuta.

Ba zan ɓoye ba, wannan makon ya sa na dubi gida da wani ido. A Zariya ban taɓa tunanin inda maƙwabcinmu Kirista zai binne mahaifinsa ba, ko takardu nawa zai bi kafin a ba shi filin majami'a, domin ban taɓa zama wanda yake roƙo ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi 'yancin da sashe na 9 ya ba ni a nan, kuma Kiristocin garuruwan Arewa sun daɗe suna kokawa a kan filayen ibada da na maƙabarta, kamar yadda Musulmin wasu garuruwan Kudu suke kokawa. Na kira wani abokin karatuna da ke aiki a ofishin filaye na tambaye shi yadda ake bi da irin waɗannan takardu, kuma ina da niyyar ci gaba da tambaya.

Ga wanda ya tsinci kansa inda na tsinci kaina, ina ba da shawarar wannan kamfani da ire-irensa ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya nemi a rubuta masa dukan kuɗin tun ranar farko, ya kuma karɓi lambar mutum na biyu da zai iya kira ranar Juma'a. Alamar kamfanin kirki ita ce ya tambaye ka takardun asibiti kafin ya tambaye ka kuɗi, ya san hukuncin 2018, ya san sa'o'in magatakardan ƙarshen mako, ya kuma tambayi mazhabarka. Wanda kuma zai kawo dattijo ziyara, ya sa a taho masa da taƙaitaccen bayanin lafiyarsa daga likitansa cikin Turanci, ya ajiye shi tare da fasfo, ya kuma yi masa inshorar tafiya.

Bayan mako shida kamfanin ya kira ni ya ce an kafa ɗan allon suna a kan kabarin, ya ba ni lambar layi da ta kabari domin kada in ɓata, tun da duk kaburburan wurin iri ɗaya ne. Na je ranar Lahadi na ɗauki hoto na tura wa Inna. Ta kira ni ta tambaya ko ciyawar da ta gani a gefe mai ɗanye ce, na ce mata ɗanya ce shar, ta ce in riƙa zuwa ina yi masa addu'a a madadinta.